Xeon, EPYC ko Arm: abin da ya kamata a duba kafin a zaɓi furosesar sabar

A shekarar 2017, babbar furosesar (wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) da Intel ke taƙama da ita a cibiyoyin bayanai ita ce Xeon Platinum 8180, mai ƙwayoyi 28. Ƙwaya a nan tana nufin ƙaramin injin lissafi da ke cikin furosesa, wanda ke iya ɗaukar nasa aikin daban yayin da sauran ke nasu. A watan Oktoban 2024, kamfanin AMD ya fito da EPYC 9965 mai ƙwayoyi 192. Cikin shekara bakwai adadin ya kusa ninkawa sau bakwai. Saboda haka duk wanda aka ɗora wa alhakin sayen sabar, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, a banki ko jami'a ko ma'aikatar gwamnati, da dillali ya miƙo masa takarda, a kan wannan lambar idonsa ke fara sauka. Ni kuwa a ganina ita ce ya kamata a duba daga ƙarshe. Akwai ayyukan da ƙarin ƙwayoyi ba zai ƙara musu saurin ko sisi ba, akwai kuma waɗanda kowace ƙwaya da aka ƙara sai ta jawo asarar dubban daloli.

Yana da kyau a san yadda aka iso nan, domin shi ya sa kasuwar take yadda take a yau. AMD ta taɓa yin tashe a sabobi da Opteron tun daga 2003, daga baya ta yi sanyi, har Intel ta zama kusan ita kaɗai a filin na tsawon shekaru. AMD ta dawo a 2017 da EPYC ta farko mai ƙwayoyi 32, amma juyin ya zo ne a 2019 da ƙarni na biyu, wanda aka yi wa laƙabi da Rome. Maimakon a sassaƙa furosesa a kan faifan silikon ɗaya babba, sai aka kasa ta ƙananan guntaye: kowane guntu na ɗauke da ƙwayoyi takwas, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera su, sannan a tsakiya akwai wani guntu daban mai kula da shige da fice. Amfanin wannan dabara a fili yake. Idan aka samu aibi a babban faifai, duka aka yi asara. Idan ƙaramin guntu ne, shi kaɗai za a yar. Da haka AMD ta kai ƙwayoyi 64 a farashin da Intel ta kasa bi, a daidai lokacin da masana'antun Intel ke fama da jinkiri a fasaharsu ta nanomita 10. Xeon ɗin da ake kira Sapphire Rapids bai fito ba sai Janairun 2023, bayan ɗage-ɗage, da ƙwayoyi 60, alhali AMD ta riga ta kai 96 da Genoa tun Nuwamban 2022. Sai a 2024, da zuwan Xeon 6, Intel ta sake matsowa kusa: Granite Rapids ta kai ƙwayoyi 128.

Yanzu dai ba wanda zai ce ɗayansu ba ya aiki. Dukansu biyun ingantattu ne. Tambayar ita ce wane aiki za a ba ta, kuma me zai biyo bayan sayen.

Lasisin da ya fi furosesar tsada

Abin da ya fi cin kuɗin ma'aikatu, kuma aka fi mantawa da shi a ranar saye, shi ne lasisin manhaja. Manyan kamfanonin manhaja sun lura cewa ƙwayoyi na ƙaruwa, mutane na tattara aikin sabobi da yawa cikin ɗaya, sai su ma suka mayar da lissafinsu a kan ƙwaya.

A ɗauki SQL Server 2022 na Microsoft, nau'in Enterprise, wanda bankuna da manyan ma'aikatu da yawa ke ajiye rumbun bayanansu a kai. Ana sayar da lasisinsa ne ƙwaya biyu-biyu, kuma farashin da kamfanin ya sanar shi ne dala 15,123 a kowace biyun. Idan aka ɗora shi a kan sabar mai ƙwayoyi 64 aka biya wa dukansu, ƙunshi 32 ke nan, wato dala 483,936. Idan ƙwayoyi 16 ne, ƙunshi 8, dala 120,984. Tazarar ta haura dala 360,000. A gefe guda kuma, ita waccan EPYC 9965 mai ƙwayoyi 192, farashinta a lokacin da ta fito bai cika dala 15,000 ba. Ma'ana, lasisin ƙwaya biyu kacal ya fi furosesa mafi girma ta AMD tsada. Manyan masu saye kan samu ragi, gaskiya ne, amma ragin ba ya sauya yadda lissafin yake tafiya.

Oracle ma haka yake: ga furosesocin Intel da AMD, kowace ƙwaya biyu ana lissafa ta a matsayin lasisi ɗaya, kuma farashin da aka sanar na nau'in Enterprise dala 47,500 ne a kowane lasisi. Windows Server ana biyansa ne a kan ƙwaya, mafi ƙaranci 16 a kowace sabar. VMware kuwa, wadda ita ce ake amfani da ita wajen raba sabar ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja da ake kira VM, tun a 2020 ta ce lasisi ɗaya ba zai wuce ƙwayoyi 32 ba, kuma bayan Broadcom ta kammala sayenta a Nuwamban 2023 sai aka koma biyan kuɗin shekara-shekara a kan kowace ƙwaya.

Wannan ne ya sa kamfanonin biyu ke ƙera wasu furosesoci da za su ba wanda bai san dalili ba mamaki. EPYC 9175F tana da ƙwayoyi 16 kawai, amma saurinta na kaiwa gigahaz 5, kuma tana da megabayit 512 na ma'ajiyar kusa, wato L3. An ɗauki guntaye masu yawa, aka bar ƙwaya ɗaya tak a kunne a kowanne, don ta mallaki ma'ajiyar guntun ita kaɗai. Wanda ke kallon adadin ƙwayoyi zai ce an cuce shi. Wanda ke biyan lasisin rumbun bayanai ya san an yi ta ne dominsa: ƙwayoyi kaɗan, kowace tana aikin da ya kai kuɗin da aka biya mata. Idan ma'aikatarku na tafiya da irin waɗannan manhajoji, a fara da takardar lasisi, sannan a zo kan furosesa.

Wanda kuwa ke aiki da Linux da PostgreSQL da Proxmox da makamantansu, waɗanda ba a cajin lasisinsu a kan ƙwaya, wannan damuwar ba tasa ba ce, yana iya ɗibar ƙwayoyi gwargwadon buƙatarsa.

Ƙwayoyi masu jiran RAM

Abu na biyu shi ne hanyar da ke tsakanin furosesa da RAM, wato wurin da kwamfuta ke ajiye bayanan da take aiki a kansu a lokacin. Ƙwaya ba ta aiki sai an kawo mata bayanai. Kamar a tara magina ɗari a wurin gini ne, amma tifa ɗaya ce ke kawo yashi: ko an ƙaro wasu ɗarin, zaman jira za su yi.

Genoa tana da tashoshin RAM 12 na DDR5-4800. Kowace tasha na iya ɗauko gigabayit 38.4 a daƙiƙa, jimla kusan 460. Idan aka raba wa ƙwayoyi 96, kowace ta samu 4.8. Idan furosesa mai ƙwayoyi 32 ce a kan tashoshin nan 12, kowace ta samu sama da 14. Ga sabar da ke karɓar buƙatun shafin intanet, ko wadda ke ɗauke da ƙananan VM masu yawa da ba sa aiki a lokaci guda, 4.8 ta wadatar. Ga hasashen yanayi, ko lissafin injiniyoyi na yadda iska ko ruwa ke gudana, ko nazarin manyan bayanai a cikin RAM, ƙwayoyin za su ƙoshi da jira tun kafin a kai rabinsu. Don irin waɗannan ayyuka AMD ta yi nau'ukan da aka ɗora wa ƙarin ma'ajiya a saman guntayen, kamar Genoa-X da ke da sama da gigabayit ɗaya na L3. Intel kuma ta bi ta wata hanyar: Granite Rapids na karɓar wani nau'in RAM mai suna MRDIMM da ke kaiwa saurin 8800, wanda ya zarce DDR5 na yau da kullum nesa ba kusa ba, sai dai ya fi tsada.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan, kuma ana ganinsa da ido. A buɗe murfin sabuwar sabar, a dubi ramukan RAM da ke jere hagu da dama na furosesa. Sau da yawa an nemi gigabayit 256, dillali ya kawo sanduna 4 masu gigabayit 64, sauran ramukan wayam. A takarda adadin ya cika. A aiki kuwa tashoshi 4 ne kawai ke motsi cikin 12, wato kashi ɗaya cikin uku na saurin da aka biya kuɗinsa. Da an sa sanduna 12 masu gigabayit 32, da an samu gigabayit 384 da cikakken sauri. Wannan ya fi tasiri a kan ayyuka da yawa fiye da bambancin da ke tsakanin Intel da AMD, amma da wuya ka ji an tattauna shi a zaman kwamitin saye.

A nan ne kuma batun soket ɗaya ko biyu ke shigowa, soket kuwa shi ne gurbin da ake dasa furosesa a cikin sabar. Da can sabar mai furosesa biyu ita ce ta kowa, domin ɗaya ba ta isa. A irin wannan tsari kowace furosesa na da nata RAM, kuma idan ƙwaya ta nemi bayanan da ke wajen ɗaya furosesar sai ta ƙetara, ƙetarawar kuma na da jinkiri. Yau EPYC ɗaya na ba da layukan PCIe 128, wato hanyoyin da ke haɗa furosesa da sauran na'urori, wanda ya isa a jona faifan ajiya masu sauri na NVMe masu yawa da katunan sadarwa masu sauri. Ga mafi yawan ma'aikatu, sabar mai soket ɗaya da ƙwayoyi 32 zuwa 64 ta fi sauƙin kuɗi da wuta da ciwon kai.

Wuta da zafi

Manyan furosesocin 2024, EPYC 9965 da Xeon 6980P (Granite Rapids mai ƙwayoyi 128), kowace an ƙiyasta mata wat 500. Idan tana aiki a haka dare da rana, a shekara kilowat-awa 4,380 ke nan. A farashin naira 225 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sanya wa masu Band A a Najeriya a Afrilun 2024, kuɗin ya kai naira 985,500, na furosesa ɗaya kawai, ban da RAM da faifai da fankoki, ban da na'urar sanyaya ɗaki wadda dole ta kwashe duk zafin da aka haifar. Idan aka koma kan janareta da dizal, lissafin ya ƙara hawa. Wanda ɗakin sabobinsa ke Kano ko Sakkwato ko Yamai ya san abin da watan Afrilu ke yi wa na'urar sanyaya ɗaki.

Amma kada wat 500 ta tsorata mutum har ya manne wa tsohuwar sabar. Waccan Xeon 8180 ta 2017 tana cin wat 205 a kan ƙwayoyi 28, sama da wat 7 ga kowace. EPYC 9965 tana ba kowace ƙwaya ƙasa da wat 3, kuma ƙwayar yau ta fi ta wancan lokacin aiki. Tsofaffin sabobi da yawa na iya komawa cikin sabuwa ɗaya, wuta ta ragu sosai. A nan ne nake jan kunnen masu sayen sabobin gwanjo, waɗanda ke shigowa kasuwanninmu da araha bayan an sallame su a Turai da Amurka. Ga ɗakin gwaji na ɗalibai ko ƙaramin ofis, ba laifi. Ga aikin da zai kwana a kunne shekara biyar, arahar ranar saye tana iya ƙarewa a gidan mai.

Sai dai tattarawar ma tana da iyaka. Idan aka zuba duk ayyukan ma'aikata a kan sabar ɗaya ƙatuwa, ranar da ta tsaya komai ya tsaya, kuma a inda kayan gyara ke ɗaukar makonni kafin su iso, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Matsakaitan sabobi uku da ɗaya za ta iya faɗuwa biyu su ɗauki nauyinta sun fi ƙatuwa ɗaya kwanciyar hankali. Kuma a tabbatar wayoyin ɗakin da UPS za su iya ɗauka, domin ɗakunan da aka gina shekara goma da suka wuce ba a yi su don sabar da ke jan sama da kilowat ɗaya ita kaɗai ba.

Inda kowanne ya fi ƙarfi

Kowane kamfani yanzu yana da ƙwayoyi iri biyu, kuma ba iri ɗaya ne rabon ba. A wajen AMD, ƙwayoyin Zen 5c da ke cikin mai 192 suna fahimtar duk umarnin da manyan Zen 5 ke fahimta, an dai matse su ne, an rage musu ma'ajiya da ƙololuwar sauri. A wajen Intel, Sierra Forest da ta fito a Yunin 2024 da ƙwayoyi 144 tana amfani da wani ƙirar daban: ba ta da AVX-512 da AMX, waɗanda ke hanzarta lissafi mai nauyi, kuma kowace ƙwaya zare ɗaya take ja, wato jerin aiki ɗaya a lokaci guda, ba biyu ba. An yi ta ne don kamfanonin da ke da dubban ƙananan ayyuka iri ɗaya kuma suke son rage wuta. Wanda ya saye ta don rumbun bayanai mai nauyi saboda ya ga 144 ya fi 128 zai yi da-na-sani.

Intel tana da abubuwan da har yanzu take riƙe da su. AMX, wanda ya zo tun daga Sapphire Rapids, sashe ne a cikin ƙwaya da ke hanzarta lissafin da fasahar AI ke buƙata, kuma ga ma'aikatar da ke son tafiyar da ƙananan samfuran AI ba tare da sayen GPU ba, wato katin da ke yin dubban lissafi a lokaci guda, yana da amfani na gaske, muddin manhajar ta san da shi. Akwai kuma sabobi masu soket 4 ko 8, waɗanda ake buƙata don manyan rumbunan da ke zaune kacokan a cikin RAM kamar SAP HANA. EPYC ba ta wuce soket biyu.

Game da AI mai nauyi kuwa, furosesa ba ita ce tauraruwa ba. GPU ke yin aikin, ita tana ciyar da su ne. NVIDIA kanta, mai ƙera GPU, ta sa EPYC 7742 a cikin sabarta ta AI mai suna DGX A100, sannan ta koma Xeon a DGX H100, abin da ke nuna cewa a wannan fagen abin da ake nema shi ne layukan PCIe da saurin ƙwaya, ba sunan kamfani ba.

Sai Arm, wata ƙirar furosesa da ta bambanta da ta Intel da AMD, wadda ta shigo ta ƙofar manyan kamfanonin da ke ba da hayar kwamfuta ta intanet. Amazon ta sayi Annapurna Labs a 2015, ta fito da Graviton ta farko a 2018, kuma Graviton4 tana da ƙwayoyi 96. Microsoft tana da Cobalt, Google tana da Axion. Waɗannan ba a sayar da su a kasuwa, hayarsu ake yi a cikin cibiyoyin masu su. Wanda ke son Arm a ɗakinsa sai ya nemi furosesocin kamfanin Ampere, ko Grace ta NVIDIA mai ƙwayoyi 72. Ga matashin da ke rubuta manhajarsa da Java ko Go ko Python yana ɗora ta a kan AWS, sashen hayar kwamfuta na Amazon, gwada Graviton abu ne na yini ɗaya ko biyu, kuma sau da yawa kuɗin wata na raguwa. Ga ma'aikatar da ke dogaro da tsohuwar manhajar Windows da wani ɗan kwangila ya rubuta ya tafi, Arm ba hanyarta ba ce tukuna.

Tsaro bai kamata ya zama abin da zai raba gardama ba. Cikin kafofin kutse da aka gano a furosesoci, Meltdown da aka bayyana a Janairun 2018 ta fi shafar Intel, Spectre ta shafi kowa, a 2023 kuma aka samu Zenbleed a AMD da Downfall a Intel. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ko kamfanin da ya haɗa sabar zai ci gaba da fitar da gyaran BIOS, wato manhajar da ke tayar da sabar, da kuma ko akwai wanda zai riƙa sa shi.

Game da alƙaluman gwaji da ake yaɗawa, a riƙa tambayar wane gwaji ne. SPEC CPU 2017, wanda shi ne ma'aunin da aka fi yarda da shi, yana da fuska biyu: SPECrate na auna yawan aikin da dukan ƙwayoyi za su gama tare, SPECspeed na auna saurin gama aiki ɗaya. Tallace-tallace sun fi son na farko domin lambarsa na girma da yawan ƙwayoyi. Ma'aikacin banki da ke jiran rahoton ƙarshen wata ya fito, na biyun ne ya fi kusa da damuwarsa.

Idan aka tambaye ni, ga ma'aikatar da ke farawa daga tushe da ayyuka na yau da kullum, zan fara duba EPYC mai soket ɗaya da matsakaicin adadin ƙwayoyi, a cike dukan tashoshin RAM. Amma mafi yawan ma'aikatu ba daga tushe suke farawa ba, kuma akwai wani ƙulli da ake ganowa bayan kaya sun iso. Ba a iya ɗauke VM tana cikin aiki daga sabar Intel zuwa ta AMD, ko akasin haka. vMotion na VMware ba ya yin wannan. Dole a kashe ta, a kwashe, a sake kunnawa. Ma'aikatar da ke da sabobin Xeon shida tana son ƙara biyu, idan ta sayo EPYC, ta samu garke biyu ke nan da ba sa ɗaukar wa juna nauyi kai tsaye, kowanne na buƙatar nasa rarar. A irin wannan hali ci gaba da Xeon na iya zama daidai ko da EPYC ta fi a takarda, sai lokacin da za a sauya garken gaba ɗaya.

Kafin a sa hannu, a zauna da bayanan sabobin da ake da su na wata guda aƙalla, har da ranakun biyan albashi ko rajistar ɗalibai. A duba kashi nawa na furosesa ake ci, nawa na RAM, da tsawon lokacin da ake jiran faifai. Sau da yawa za a tarar furosesar na zaune ba ta kai rabi ba, RAM ce ta cika, ko faifan ne ke jan ƙafa, kuma kuɗin da aka ware wa ƙwayoyi 128 ya fi amfani a NVMe. Daga nan a nemi dillali ya ba da sabar gwaji, ko a yi hayar irin furosesar na 'yan kwanaki a AWS ko Azure ta Microsoft, waɗanda ke da Intel da AMD da Arm duka, a ɗora kwafin ainihin rumbun bayanan ma'aikatar, a kunna rahoton nan da ya fi kowanne daɗewa, a duba agogo.